Kar a Dame Ni: Masu Rufe Waya da Ire-irensu

Tun 2012 kamfanin Apple ya sa wa iPhone wani maɓalli mai alamar jinjirin wata da ke hana waya kuka. A 2021 ya faɗaɗa shi zuwa tsarin da ya kira Focus, inda mutum zai ware lokacin aiki daban, na barci daban, na tuƙi daban, ya zaɓi wanda kiransa zai shigo da wanda zai jira. Google ma ya kawo nasa a Android, don haka mai Tecno da mai Infinix ba su da bakin cewa abin na masu hannu da shuni ne. Kayan aiki ya samu, kyauta ma, amma har yau waya ce ke kiwon masu ita. Ni dai a ganina laifin ba na saiti ba ne. Tambaya ɗaya tsarin ke yi wa mai waya: a cikin mutanenka, wa ya isa ya katse maka aiki da ƙarfe goma na safe? Yawancinmu mun gwammace shan wahala da amsa ta, kuma kowa da irin tasa zilliyar.

Na gaba-gaba shi ne Alhaji Kowa-nawa-ne. Ya kunna tsarin da kyakkyawar niyya, aka zo wurin zaɓen waɗanda kiransu zai wuce, ya sa uwargida, ya tuna amarya za ta ji labari, ya sa ta. Ya sa mahaifiya, wannan kam ba gardama. Sai surukai, sai abokan kasuwa, sai mai gyaran janareta, sai mai adaidaita sahun da ke kai yara makaranta, sai zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai don kada a yi rasuwa bai ji ba. Kafin ya gama mutum ɗaya ne ya rage a waje, shi ma layinsa ya daɗe da mutuwa. Washegari a majalisa Alhaji ya yanke hukunci cewa abin nan yaudarar Turawa ce, tunda wayar ba ta fasa kuka ba. Ɗansa kuwa, ɗan jami'a, kishiyarsa ne: ya raba dare yana tsara yanayin karatu, na motsa jiki, na nazari mai zurfi, kowanne da launinsa da hotonsa, har aka kira assalatu littafin bai buɗu ba.

Wanda ya fi ba da tausayi shi ne Mai-leƙe. Ya rufe komai tsaf, ya kife wayar a kan tebur, sai shirun ya dame shi. Bayan minti biyu ya ɗaga ta don ya ga me ya toshe, ya mayar, ya sake ɗagawa don ya tabbatar tsarin na aiki. Masana sun san shi sarai. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, wadda ta daɗe tana nazarin ma'aikatan ofis, ta gano cewa kusan rabin katsewar aiki mutum ne da kansa ke jawo ta, kuma a matsakaici hankalin mai kallon allo ba ya wuce kimanin daƙiƙa 47 a wuri ɗaya kafin ya yi tsalle. A 2017 Adrian Ward na Jami'ar Texas da abokan aikinsa sun gwada ɗalibai, waɗanda aka ajiye wayarsu a wani ɗaki suka fi waɗanda tasu ke kan tebur ƙoƙari, alhali duk wayoyin shiru suke. Wani zai ce to ashe tsarin ba shi da amfani. Yana da shi, yana kawar da kiran waje. Kiran da ke tasowa daga zuciyar Mai-leƙe kuwa sai an kai wayar ɗaya ɗakin, in da hali a ba uwargida ajiya.

Akwai kuma Mai-fakewa, wanda ya ɓata wa tsarin suna. Natsuwarsa tana farawa ne ranar da kuɗin haya ya cika ko zubin adashi ya zagayo. In aka ritsa shi a hanya sai ya ce, "Wallahi ranka ya daɗe, wayar ce na sa a shiru, ban gani ba." Saboda irinsa ne dattawa ke cewa rufe waya girman kai ne da yanke zumunci, kuma ƙorafinsu abin saurare ne, don a wurinmu ƙin ɗaga kiran babba ba ƙaramin laifi ba ne. Sai dai Mai-fakewa ya iya ɓuya tun kafin layukan salula su shigo Najeriya a 2001, lokacin da yaro ake aikowa ya ce maigida ba ya nan. Zumunci ma ya girmi waya nesa ba kusa ba. Gidan Bahaushe yana da zaure: baƙo ya yi sallama, ya jira a fito, ba ya zarcewa ɗakin barci, kuma ba a taɓa kiran wannan wulaƙanci ba. Waya ce ta rushe zauren, har saƙon tallan bashi da hoton barka da Juma'a suke iske mutum a kan shimfiɗarsa. Mai mayar da zauren bai yanke zumunci ba, matuƙar yana fitowa ya amsa sallama, wato ya bi kiran da ya rasa kafin rana ta faɗi.

Babbar hujjar masu tsoro ita ce larura: in wani abu ya faru a gida fa? Masu ƙera wayar sun riga sun yi wannan tunanin. Ana iya barin lambar iyaye da iyali a buɗe, a iPhone kuma akwai zaɓin da in mutum ɗaya ya sake kira cikin minti uku kiran zai shigo, Android ma tana da makamancinsa. Abin takaici, wannan ƙofa ta haifi nata gwanin, Sarkin Naci. Ya gane sirrin, don haka ba ya kira sau ɗaya. Ka ɗaga gabanka na faɗuwa, ya ce, "Yaya, ka ga bidiyon da na tura kuwa? Na ga alamar ba ta yi shuɗi ba." Tun da WhatsApp ya kawo shuɗin alamar nan a 2014 bawan Allah bai huta ba, bai bar kowa ya huta ba. Maganinsa ba ya cikin waya, sai an buɗi baki an gaya masa, abin da Alhaji Kowa-nawa-ne ya kasa tun farko.

Saura wanda bai ma san da tsarin ba. Shi ne wanda wayarsa ke sakin waƙar fim ana tsakiyar raka'a ta biyu, a ƙarƙashin takardar da aka manna a bango ana roƙon a kashe waya, yana lalube a aljihun babbar riga, sahu guda na fama da dariya. Shi kam ba zilliya yake yi ba, kuma gyaransa ya fi na kowa sauƙi, don ana iya saita wayar ta yi shiru da kanta a sa'o'in da aka zaɓa. Duk mai irin wannan baba ko maƙwabci, don Allah ya karɓi wayar ya saita masa kafin Juma'a mai zuwa.