Yadda Za Ka Kalli Ƙwallo Ba Tare da Maƙwabci Ya Riga Ka Ihu Ba

Wannan shawara ta waɗanda suka riga suka kamu ce. Wanda bai taɓa barin tuwo ya huce saboda bugun kusurwa ba, ya wuce abinsa, Allah ya ƙara masa lafiya. Mu sauran kuwa, ba sai na tsaya cewa a nemi talabijin ko a tambayi ƙarfe nawa za a take wasa ba. Abin da ya tunzura ni shi ne, a makon nan an zura wa ƙungiyata ƙwallo, kuma duk layinmu ya sani kafin ni, har da Iya mai ƙosai da ba ta san ko mutum nawa ne ke buga wasan ba. Ni kuma ina zaune da waya a hannu, da datar da na saya da guminna, ina ta yi wa golanmu addu'a a kan abin da ya riga ya faru.

Na farko, ka san a wane zamani kake zaune. Mutane suna zaton wasa ɗaya ake kallo a lokaci ɗaya. Ina! Waɗanda ke cikin filin a Landan ko Madrid su ne kaɗai ke ganin abin yana faruwa. Mai ƙaramar rediyo yana biye da su kusa-kusa. Mai dish yana ɗan baya, domin hoton sai ya hau tauraron ɗan'adam da ke nisan kilomita kusan 36,000 sannan ya sauko kan rufin gidansa, ga kuma 'yan daƙiƙun da ake ɓatawa wajen matse hoton da warware shi. Kai mai kallo ta intanet, kai ne abin tausayi. Yayyanka hoton ake yi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa daƙiƙu kaɗan, wayarka ta tara 'yan guda a ciki tukuna ta fara nuna maka, wai don kada ya tsaya. Kafin ka ankara an ba ka ratar rabin minti ko fiye. Shi kuwa mai linkin kyauta da aka turo a WhatsApp, wannan ba kallon ƙwallo yake ba, darasin tarihi yake ɗauka.

To ka ga layi ɗaya, zamani huɗu. Kuma mai ihu kullum a zamanin gaba yake zaune.

Tunda ba za ka iya hana shi ba, sai ka koyi fassarar ihun. A namu layin, gabas akwai gidan kallo na 'yan Barcelona, yamma kuma shagon wani tela ɗan Madrid da kullum sai ya tuna wa mutane cewa sun kai kofin Zakarun Turai 15 tun 2024, ko da kuwa kuɗin ɗinki ka je biya. Idan ihu ya tashi daga gabas da ƙarar dukan benci, an ci. Idan ya tashi ya yanke a tsakiya, turke ta daka. Idan yamma ta yi ihu alhali Madrid ba ta wasa ranar, to adawa ce zalla, wani ne ya ci Barcelona. Shirun da ya wuce minti biyu kuma, ko dai an ɗauke wuta, ko alƙalin wasa ya kama kunne, kuma za mu zo kan wannan. Na kai matsayin da nake gane fenariti daga yadda babura ke rage gudu a bakin titi. Wannan ilimi ne, amma ban san ofishin da ake ɗaukar aiki da shi ba.

Na biyu, ka kashe duk wata sanarwa a wayarka. Manhajar sakamakon wasanni da ka sauke da hannunka ita ce babbar maƙiyiyarka, domin rubutu ya fi hoto sauƙin tafiya. Ƙwallo tana tsakiyar fili a idonka, sai ka ga saƙo ya leƙo daga sama: 0–1. Daga nan kallonka ya koma jiran ta ina masifar za ta ɓullo.

Amma manhaja na'ura ce, ba ta da mugun nufi. Wanda nake magana a kansa shi ne mutumin nan na zauren WhatsApp na 'yan ajinmu. Kowa yana da irinsa. Ba zai rubuta wa ya ci ba, ba zai rubuta minti nawa ba. "Innalillahi" kawai zai ajiye ya ɓace. Sai gabanka ya faɗi, ka rasa rasuwa aka yi ko satar gida. Wani bawan Allah da ba ruwansa da ƙwallo ya shigo da gaggawa: "Subhanallahi, Malam, wa ya rasu? Yaushe jana'iza?" Sai can a amsa masa: "Bayanmu ne ya mutu, Alhaji." An yi masa magana, an kai shi gaban shugaban zaure, ya ce shi a gaskiya abin da ya ji a ransa ya rubuta.

Na uku, linki. Ba zan ce ka yi ba, ba zan ce kada ka yi ba, amma ka shirya yatsa. Za ka rufe tallar caca, ta haifi wata. Alamar rufewar an yi ta ne daidai girman ƙwayar gero, kuma idan ka kuskure ta, sai ka tsinci kanka a shafin da ke taya ka murnar cin mota. Idan ka tsallake, za ka samu wasan da sharhin Larabci ko yaren Rasha, wanda ba laifi, domin ihun cin ƙwallo ba ya buƙatar tafinta. Sai ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga, hoton ya daskare, zoben nan ya fara juyawa a kan cibiyarsa. Ya juya, ya juya. Idan ya saki, sai ka tarar ana nuna 'yan kallo suna rungume juna, kuma rigarsu ba irin taka ba ce. Duk wannan yana faruwa ne bayan an amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Wato ƙarin kuɗi kake biya don ka kalli zobe.

Na huɗu, ka haƙura ka tafi gidan kallo, inda aƙalla baƙin cikin na tarayya ne. Ka tafi da canji. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin shiga bai sake zama wuri ɗaya ba, kuma mai gidan yana da hujja, jarkarsa ce a bakin ƙofa. Ka je da wuri don ka kama bencin gaba, in ba haka ba Allah zai haɗa ka da dogon nan mai hula zanna bukar wanda ke miƙewa tsaye duk lokacin da ƙwallo ta haye tsakiya. Kada ka zauna kusa da ƙofa, don injin yana nan, hayaƙinsa kuma ya san hanya. Kada ka zauna a tsakiya, don talabijin uku ne, wasa uku, murya ɗaya, kuma muryar ba ta wasanka ba ce. Kada ka zauna a baya. A baya ne kociyoyi suke.

Kocin gidan kallo bai taɓa yin kuskure ba. Shi ya gaya wa Ferguson kada ya yi ritaya a 2013. Shi ya hango 8–2 da Bayern ta yi wa Barcelona a 2020, sai dai a ransa ya faɗa. Idan ɗan Arsenal ne, zai kai ka kakar da aka ƙare a 2004, wasa 38 ba a doke su ko sau ɗaya ba, da Kanu a cikin tawaga, kuma zai ba ka labarin da zafinsa ko da a lokacin yana goye. Yana kiran 'yan wasa da sunan farko, yana ba su umarni da Hausa, idan suka ƙi ji ya dafa kafaɗarka ya ce, "Oga, ka gani ko? Me na ce?" Ka ce masa ka gani. Duk wata amsa daban tana ƙara minti ashirin.

Batun inji kuwa, ban san wane lissafi ake yi ba, amma man da ake zubawa na minti tamanin da 'yan kai ne. Ba ya mutuwa a hutun rabin lokaci, lokacin da kowa ya fita shan iska da sayen rake. Sai ana kunnen doki, an ba da bugun tazara a bakin da'ira, sannan zai yi tari biyu ya yi shiru. Duhu. Fitilun waya ɗari su kunnu lokaci guda. A kwaɗa wa yaro kira ya zo da jarka, a nemi mazurari a rasa, a yanke gorar ruwa. Inji ya tashi, a yi tafi. Sannan dikoda ta fara nata: sai ta gaisa, ta nemi sigina, ta ƙirga tashoshi ɗaya bayan ɗaya da natsuwar da ba ta dace da halin da ake ciki ba. Ga damina: gasar Firimiya a watan Agusta take farawa, daidai lokacin da hadari ya fi nauyi, kuma dish ba ya shiri da ruwan sama mai ƙarfi. Manoma na godiya, mu ma muna godiya, amma da ƙaramar murya.

Na biyar, agogo. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris, Turawa suna mayar da agogonsu baya da awa ɗaya ba tare da sun shawarci kowa ba. Wasan ƙarfe uku na Asabar a Ingila ya koma huɗu a nan, ya haɗu da La'asar. Na biyar da rabi ya koma shida da rabi, ya zo ya tsaya a gefen Magariba. Salla ba a yin shawara a kanta, tashi za ka yi. Shawarar ita ce ka zaɓi masallacin da ya yi nisa da gidan kallo, don idan ihu ya same ka a raka'a ta biyu, shaiɗan zai karɓi aikin sharhi.

Na shida, ko na bakwai, duk wanda muke. VAR.

A nan raha ta ƙare mini. A da, ko kana baya da minti guda, idan ƙwallo ta shiga raga ta shiga. Yanzu kuwa, tun da aka kawo na'urar nan Kofin Duniya na 2018, gasar Firimiya ta ɗauka a 2019, hatta mutanen cikin filin ba su san ko an ci ba. Ku tuna daren 7 ga Fabrairun 2024 a Bouaké, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka, mu da Afirka ta Kudu. Muna da ɗaya ta fenaritin Troost-Ekong. Saura minti biyar, Osimhen ya tura ta biyu a raga. Ƙasa ta ɗauka, aka kifar da bencina, aka rungumi mutanen da ake bin su bashi. Sai alƙali ya kama kunne, ya ruga gefen fili, ya dawo ya ce ba wannan maganar: an yi ƙeta tun a can ɗaya gefen kafin a kawo harin, saboda haka ƙwallon Osimhen babu, kuma ga fenariti ga Afirka ta Kudu. Mokoena ya buga ta shiga. Daga biyu da nema muka koma ɗaya da ɗaya ba tare da mun motsa daga inda muke ba. Hukuncin daidai ne, na sani, kada wani koci ya tare ni a hanya. Amma wace irin rayuwa ce mutum zai yi murna da sharaɗi? Ka yi tsalle, sannan ka tsaya da hannu a sama kana jiran wasu mutane a wani ɗaki su ja layi a kan hammatar ɗan wasa. Da Nwabali bai tare biyu a bugun daga kai sai mai tsaron gida ba, aka tashi 4–2, da ban san yadda za a kwashe mu ba. Kwana huɗu bayan nan Kwaddibuwa ta doke mu 2–1 a Abidjan, kuma wannan karon babu wanda ya kama kunne ya cece mu.

Yanzu haɗa wannan da linki. Maƙwabci ya yi ihun an ci. Ya yi shirun jira. Ya yi ihun an soke. Kai kuma a lokacin ne ƙwallon ke shiga a wayarka, ka san ba za ta tsaya ba, kana kallon 'yan wasanka suna zamiya da gwiwa a kan abin da babu shi.

Sauran shawarwarin a gurguje. Ka sha ruwa. Ka sa abin toshe kunne, ko da yake na gwada, ihun ta ƙasa yake biyowa. Ka canja ƙungiya... a'a, bar wannan, ba a yi.

Akwai masu cewa a koma gida, a tafi filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a kalli Kano Pillars ido da ido. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ƙungiya ce da ta ɗauki gasar ƙasar nan sau uku a jere, 2012 zuwa 2014, Ahmed Musa ya taka mata leda, ya je Turai ya dawo ya sake sa rigarta. A can babu zobe, babu dikoda, idan aka ce "Sai Masu Gida" tare kowa yake faɗa. Ka je, ina goyon baya. Sai dai ka duba na kusa da kai kafin ka zauna. Idan ka ga waya a kunnensa, idonsa na fili amma fuskarsa tana Landan, ka matsa gaba, domin wasan da ka ce za ka kalli maimaicinsa da daddare ba tare da ka san sakamako ba, shi zai juyo ya ce, "Ɗan'uwa, kai ɗan wace ƙungiya ne? Kash. To Allah ya ba da haƙuri."

Da saura guda biyu, ɗaya kan sola, ɗaya kan yadda ake shiga majalisar mai shayi washegarin an lallasa ku. Amma yanzun nan na ji yara sun yi ihu a waje, kuma wannan ihun na san fassararsa: an kawo wuta. Bari in je in sa caji kafin su tuna.