Masu Tsayuwa da Ƙafa Ɗaya, Daga Gidan Rumji Zuwa Gazawa

A 2022 wasu likitoci a Brazil suka fitar da sakamakon wani gwaji da ba ya cin ko dala: mutum ya ɗage ƙafa ɗaya, ya tsaya sakan 10 ba tare da ya dafa komai ba. Cikin mutum 1,702 masu shekara 51 zuwa 75, kusan ɗaya cikin biyar ya kasa. Da za a kawo gwajin nan bakin kwaltar da ta taso daga Gidan Rumji ta ratsa Agye ta faɗa Gazawa, da an sha kallo.

Wanda zai fara ture mutane ya shigo fili shi ne tsohon ɗan kokowa. Tun da Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa a 1975, kowane gari na jihar Maraɗi yana da dattijon da ke rantsuwa cewa Allah ne kawai bai haɗa shi da Kantu ba. Ba a raina masa sani. Ya iya sassauta gwiwa, ya buɗe ƙafafu, ya sauke nauyinsa ƙasa yadda turi ba zai ɗauke shi ba. Sai dai rabonsa da fili tun kafin auren 'yarsa ta fari, jiki kuwa ba ya ajiyar abin da aka daina yi. Kafin a ƙirga huɗu ya dire ƙafa, ya dubi ƙasa a fusace ya ce wurin ne ke da gangare.

Can gefe mai tallar nono ce ke wucewa, ƙorai uku bisa gammo, goyo a baya, tana tafe cikin rairayin Gulbin Kaba tana ƙirga canji. Ba ta taɓa cewa tana motsa jiki ba. Amma abubuwa ukun da ke tsai da ɗan Adam, wato ido, da can cikin kunne inda ake jin karkata, da tafin ƙafa da gaɓoɓi masu sanar da ƙwaƙwalwa inda jiki yake, kullum nata suna bakin aiki. A ce mata, "Inna, ɗaga ƙafa ɗaya mu gani," sai ta ɗaga, ta ce in an gama wasan yara a sayi nono.

Alhaji mai sayen aya ya yi shiri na gaske. Ya sayo takalmin gudu da wando mai ratsi daga Maraɗi, ya sa an ɗauke shi hoto. Takalmin na nan cikin kwalinsa.

Yaran langa su ne malaman wannan fanni, ko da yake ba mai ba su girman. Yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya, yana tsalle da ɗayar, yana kauce wa bangaza yana kai tasa, har cikin farin wata. Ubansa, da ya fi kowa iya langa a zamaninsa, yanzu sai ya jingina da zana kafin ya sa wando, kuma shi ne mai korar su wai suna ta da ƙura.

Akwai ɗan kabu-kabu, wanda ke ɗaure buhun gero biyu da akuya da mai akuyar a babur ɗaya ya kai su Tibiri lafiya, amma a sauke shi a ce ya taka layi ɗaya, diddige na taɓa yatsa, sai tangaɗi.

Sai Baba, mai shekara 70 da 'yan kai, wanda ya ƙi sanda don kada a ce ya tsufa, ya kuma ƙi motsa jiki don kada a ce ya zare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, ta kuma shawarci masu shekara 65 zuwa sama su riƙa atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. Jikarsa 'yar lakwal ce ta gano kansa: ta sa shi tashi da zama daga kan turmi sau goma ba dafawa, da tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango. Ya yarda, bisa sharaɗin a rufe ƙofar gida, kuma in maƙwabta suka leƙo a ce musu ƙaya yake cirewa.