Raƙuman Kaifeng Sun Tashi, Masu Musu Na Zaune

To, sarakunan musu, ku gyara zama. Na san da zarar an ce muku zane mai shekara kusan 900 ya motsa, za ku taɓe baki ku ce aikin aljanun ƙasar Sin ne. Babu aljani ko ɗaya, 'yan kwamfuta ne suka yi aikinsu.

Zhang Zeduan, gwanin zane na zamanin daular Song, shi ya zana hoton a kan siliki, tsawonsa ya ɗan haura mita 5. Akasarin masana sun ce birnin Kaifeng ne a bakin kogin Bian: ga 'yan dako, ga shagunan shayi, ga ayarin raƙuma a ƙofar gari, ga wani jirgin ruwa yana gab da yin karo da gada, matuƙansa na ta kiciniyar kwantar da doguwar sandarsa, 'yan kallo sun yi cincirindo a sama. A bikin baje kolin duniya na Shanghai a 2010, aka faɗaɗa zanen ya zarce mita 100, aka haska shi a bango. Raƙuma suka taka, ruwa ya gudana.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Sun ɓata kayan tarihi!" Kwantar da hankalinka, Alhaji. Na asalin yana ajiye a tsohuwar fadar sarakuna a Beijing, ko ƙwarzane ba su yi masa ba. Sai an ɗauki shekaru kafin a fito da shi, ranar kuwa layi sai ya karya maka ƙugu.

"Ai sun ƙara gishiri!" Wannan kam kun ci. Sun sa dare ya yi, an kunna fitilu, alhali Zhang bai zana dare ba. Amma ku da kuke kallon jarumin fim ya tashi mutum arba'in da naushi ɗaya ba ku ce uffan ba, yau fitilar Kaifeng ce ta tsone muku ido?

In kun ce sai kun ga garin da idonku, Allah ya kiyaye hanya. Mayaƙan daular Jin sun ci shi da yaƙi a 1127, ambaliyar Rawayen Kogi kuma ta yi ta binne tsohon birnin a ƙarƙashin laka. Sai ku tafi da shebur.

Hoton mai motsi yana nan a intanet. Ku kalla tukuna, sannan ku zo mu yi musun da hujja.