Sababbin Iyayen Gidan Kunkuru

Kunkuru ba ya cikin dabbobin da ake yi wa shiri kafin su iso gida. Mai son akuya yakan kafa turke tukuna, mai son tattabara ya rataye tukwane a bango, mai son kaji ya gyara akurki. Kunkuru kuwa faɗowa yake yi. Ko direban da ya dawo daga Birnin Konni ya kawo wa yara tsaraba, ko wani ya tsince shi a bakin gona can wajen Kuchi, ko magidanci ya shiga kasuwar Tambuwal neman gero ya fito da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, saboda mai sayarwa ya rantse masa cewa ba ya ci, ba ya sha, ba ya ciwo. Ukun nan duk ƙarya ne, amma a kansu ake ƙulla cinikin.

Wanda aka fi ajiyewa a gidajenmu shi ne babban kunkurun Sahel mai ruwan ƙasa, wanda danginsa suka bazu daga Senegal har Habasha. A duk duniya iri biyu kaɗai suka fi shi girma, na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Ɗan mitsitsin nan da yara ke juyawa a kan tabarma, in namiji ne kuma Allah ya ba shi lafiya, zai haura kilo 50, wani ma ya doshi 100, kuma in ya shekara 70 ba wanda zai ce ya yi abin mamaki. Mai saye ba ya jin wannan a bakin mai sayarwa. Daga nan ne kowa ke riƙon kunkuru da irin halinsa.

Akwai wanda ya gaskata rantsuwar kasuwa. A ganinsa dutse ya saya mai ƙafa huɗu, sai ya ajiye shi bayan randa ya manta. In ka tambaye shi abin da dabbar ke ci, ya ce maka, "Iska shika sha." Ba a jimawa zogalen da aka dasa ya koma kara, yakuwar uwargida ta ɓace, a fara zagin akuyar maƙwabta. Abin tsoro a gidan irin wannan mutum shi ne leda, don kunkuru mai yunwa ba ya tantance ta da ganye, kuma in ta toshe masa hanji shi ke nan.

Kishiyarsa ita ce Hajiya mai tausayi, wadda 'ya'yanta suka yi aure suka bar mata tsakar gida fayau. Ita tun ranar farko ta raɗa masa suna, kuma ba ta yarda a kira shi kunkuru a gabanta. Da safe burodi da shayi, da rana shinkafa da miya, da la'asar a dama masa fura da nono, in an yi suna a unguwa har tsokar nama ake ƙullo masa a gefen zane. "Ci mana, Ɗan Auta, ko ba ka son na jiya?" Shi kuwa ba ya ƙin tayi. Matsalar ita ce cikinsa na ciyawa ne. Allah ya halicce shi ya yi ta tsinkar harkiya da ƙyasuwa da busasshen ganye, abinci mai yawan zare da ƙarancin maiƙo. Nama da nono suna wahalar da ƙodarsa, girman gaggawa kuma, musamman ga ƙaramin da aka raina a busasshen wuri, yakan sa ƙwaryar bayansa ta tashi tudu-tudu maimakon ta kwanta sumul. Hajiya ta ga tudun sai ta ce ƙiba ce, ta ƙara masa nono. Ranar da ta ga ya fitar da wani farin abu tare da fitsari kuwa, sai da aka kira ƙanwarta daga Dogon Daji, alhali haka jikinsa ke zubar da dattinsa don ya tattala ruwa. Ni dai ban iya yi mata faɗa. In za ta mayar da kwanon shinkafar nan na ganyen rama da kabewa, ta barbaɗa masa dakakken ɓawon ƙwai jefi-jefi, ta sa jikokinta su wanke hannu bayan sun taɓa shi, ba wanda ya kai ta iya riƙo.

Wanda nake iya yi wa faɗa shi ne mai ƙusa. Wannan da ya ga kunkuru yana yawan fita zaure, sai ya ɗauko ƙusa da guduma ya huda gefen ƙwaryar, ya zura igiya ya ɗaure a turke, yana cewa ai ba ya ji. Yana ji. Ƙwaryar nan ƙashi ce mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama ita, akwai jini da jijiya a ciki. Don bai yi kuka ba ne kawai ake ɗauka ba ya jin zafi. An ce kunkuru na son dambe, ba shi da yatsa, kuma ina jin saboda mai ƙusa yake son damben. Duk ɗan makarantar allo ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, ya kuma san inda ta ƙare. In ƙwaryar ta tsage, maƙwabci mai ba'a zai ce a kai shi Aliero wajen masu ɗori, tunda ga ta nan kusa, amma likitan dabbobi ya kamata a nema.

Sai mai kyakkyawar niyya da ƙarancin sani, wanda ya taɓa ganin kififfiya a komar masunta a Gulbin Zamfara, ya ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ya cika baho da ruwa ya tsunduma baƙonsa don ya huta. Kififfiya tana da faffaɗar ƙafa ta iyo, shi kuwa kunkurun tudu dungulmin ƙafa gare shi ta tono, nutsewa zai yi. Ruwan da yake so bai wuce na faranti mai faɗi ba, wanda zai shiga ya jiƙa cikinsa, ya sha, ya fito da kansa.

Amma ba wanda ya kai mai cigiya tayar da unguwa. Wata safiya a tsakiyar bazara, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, ya duba ƙarƙashin rumbu babu kunkuru, ya duba bayan murhu babu. Kafin hantsi ya gama yanke hukunci. "Wa ya shigo gidan ga jiya? An ɗauke man kunkuru! Na san waɗanda sunka yi wanga aiki." Almajirin gidan ya sha tambaya, mai tallar nono ta sha harara, a je wajen mai unguwa, a yi maganar ɗaukar rantsuwa. Ana wannan duka, dabbar tana ƙarƙashin ƙafarsu. Kunkurun Sahel gwanin tono ne, yakan haƙa rami mai tsawon mita da yawa, ya shige inda ƙasa ke da sanyi da laima, ya lafe har zafi ya sauka, in sanyin hunturu ya tsananta ma haka yake yi. Sai ruwan farko ya sauka a ga ya fito yana tafiyarsa ta ƙasaita, ƙasa a ka, bai san an ɓata da gidaje uku saboda shi ba. Mai cigiya ba ya zuwa ba da haƙuri. Cewa yake yi ɓarawon ne ya ji tsoro ya maido.

Ashe wannan hali ba namu ne mu kaɗai ba. A Amurka, a shagunan bakin teku, ana sayar wa yara wata 'yar kaguwa da ba ta da ƙwarya tata, sai dai ta shiga katantanwar da mai ita ya mutu ya bari, in ta yi mata kaɗan ta sake wata. Su ma haka ake ce musu ba ta da wahala, alhali tana buƙatar iska mai laima kafin ta iya numfashi, da ruwan daɗi da na gishiri, da yashi mai zurfi. In lokacin saɓarta ya yi takan binne kanta makonni, sabon mai ita kuma ya tono ta don ya ga ko tana da rai, ko ya ga tsohuwar fatar ya ce ta mutu ya zubar da ita. Dabbar da kan shekara 30 a gaɓar teku sai ta ƙare cikin 'yan watanni a ɗakin yaro.

Daga ƙasashen waje ne ɗalibinmu mai waya yake samo iliminsa. Ya dawo hutu daga jami'a ya tarar da kunkuru a gida, ya kwana yana bincike a intanet, ya wayi gari da takardar sayayya: fitila mai hasken rana, na'urar ɗumama ɗaki, ma'aunin zafi. Duk shawarar mutanen Ingila ce, waɗanda rana ke yi musu rowa. Ya tsaya a tsakar gida a Tambuwal, gumi na zuba, yana yi wa mahaifinsa bayanin cewa dabbar na buƙatar ɗumi. Tsoho ya dube shi ya ce, "To, Malam, kai da wutar lantarkin taku, wa za shi ɗumama wani?" Duk da haka kada a raina yaron. Shi ne kaɗai a gidan ya san cewa siminti da tayil ba wurin zaman kunkuru ba ne, ya kuma gargaɗi mahaifin nasa cewa in ba a bar masa fili mai ƙasa da inuwa ba, gindin katanga zai nufa. Ba a saurare shi ba, sai da damina ta zo katangar ta zauna.

Mai neman tsari ba ya son a yi zancen. An gaya masa kunkuru a gida yana kare sammu da mugun baki, wani ya ce yana jawo tsawon rai. In ka tambaye shi sai ya ce na yara ne, ko da ƙaramin ɗansa ya yi gemu. Ban ga tsarin da dabbar da ba ta iya kare kanta daga leda za ta yi wa mutum ba, amma aƙalla shi yana ba ta abinci a kan lokaci, don yana tsoron ta yi fushi.

Ɗan kasuwa kuwa da alƙalami ya shigo harkar. Ya ji cewa mace na yin ƙwai 15 zuwa 30 a zama ɗaya, ya ninka da kuɗin ɗa guda, ya ga kansa a Makka. Ya sayi biyu ya haɗa. Bai san sai sun shekara goma ko fiye kafin su isa haihuwa ba, bai kuma san ana gane namiji da loɓawar ƙasan cikinsa da tsawon wutsiya ba, alamun da ba sa fitowa sai an girma. Shekaru suka tafi, ya wayi gari da ƙarti biyu masu karo da juna, kowa na neman kifar da ɗan'uwansa da ƙahon da ke ƙarƙashin wuyansa. Wanda aka kifar a rana, in ba a juya shi ba, yana iya mutuwa, don haka mai lissafin riba ya koma mai rabon faɗa. Ko da ya dace da mace, hanyar waje da yake mafarki a rufe take ga na daji: tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da waɗanda aka kamo a daji don ciniki, a 2021 kuma ƙungiyar IUCN ta sa irin cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Gonaki da kiwo sun cinye dajin da yake zaune, masu kamawa sun kwashe saura. Duk wanda ya tsinci ɗaya a daji ya bar shi inda ya gan shi ya fi mu duka iya kiwon kunkuru.

Lokacin zaɓe kuma ga mai fenti, wanda ke shafe bayan dabbar da launin jam'iyya. Fenti guba ne a jikinsa, yana kuma tare hasken ranar da ƙwaryar ke buƙata. Ban da haka ma aikin banza ne. Kunkurun da aka ƙyanƙyashe a 1976, shekarar da aka kafa jihar Sakkwato, yana nan aka yanke Kebbi a 1991, yana nan aka yanke Zamfara a 1996, har mutanen Kebbe ta jihar Sakkwato suka wayi gari da jihohi biyu a maƙwabtaka, kuma har yau bai tsufa ba. Jam'iyya nawa za a goge a sake shafawa? A tsibirin Saint Helena akwai wani mai suna Jonathan, ɗan wani irin dabam, da aka ƙiyasta haihuwarsa wajen 1832, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan mulki.

Wannan tsawon rai shi ke haifar da sabon ubangidan da bai saya ba, bai tsinta ba, ba a kuma kawo masa tsaraba ba, wato magaji. An yi addu'ar bakwai, an zauna rabo, an lissafa gona da shanu da rumbu, sai wani ƙane ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya, to kunkurun Baba hwa?" A yi tsit. Ba ya rabuwa kashi-kashi, ba wanda ya san kuɗinsa, matan gidan sun ce ba za a sayar da abin da marigayi ke ba ganye da hannunsa ba. Na Kaduna ya ce haya yake zaune a bene. Na Legas ya ce motar haya ba za ta ɗauka ba. Ƙanwarsu da ke aure a Jabo ta ce tana so, aka nemi ƙarti huɗu da amalanke, shi kuwa ya shige raminsa ya buɗe ƙafafu ya tokare bango, aka ja aka ja aka gaji. Da magariba ta gabato malamin da ke rabon ya ce a auna filin gidan, duk wanda rabonsa ya faɗa ɓangaren ramin shi ke da kunkuru, 'yan'uwa kuma su taimaka masa da kuɗin gyaran katanga.