Madalla da Dabarar .nfs

Dole a jinjina wa gwanayen kamfanin Sun Microsystems, waɗanda suka fito da NFS a shekarar 1984, tsarin da ya ba kwamfuta damar aiki da fayilolin da ke ajiye a wata kwamfutar kamar nata ne. Sun tarar da wata doka a tsarin Unix: in ka goge fayil alhali wata manhaja na riƙe da shi a buɗe, sunan kaɗai ke tafiya, abin da ke ciki yana nan har mai riƙon ƙarshe ya saki. Kanel, wato zuciyar tsarin, yana ƙirga sunayen fayil, yana ƙirga masu riƙonsa, ba ya sakin gurbin sai duka biyun sun koma sifili. Wannan ƙirge aiki ne mai gajiyarwa, sai gwanayenmu suka sauke wa uwar garke, wato kwamfutar da fayilolin ke ajiye a cikinta, ƙirgen masu riƙon gaba ɗaya: ba sai ta san wa ya buɗe me ba. Ina hutun da ya fi wannan?

Maganin da suka kawo kuwa ya isa a buga masa tambari. Ka ce a goge fayil da ke buɗe, kwamfutarka ta amsa cewa an goge, alhali suna kawai ta sauya masa zuwa .nfs da dogon jerin lambobi, ta bar shi a inda yake. Tamkar a ce wa mai bin bashi maigida ya yi tafiya, shi kuwa yana bayan ƙyaure. Sannunku da basira!

Armashin abin yana cikin ɗan tsakanin nan. Kanel ya duba, ya ga babu mai riƙe da fayil, ya yanke shawarar gogewa. Kafin umarnin ya isa uwar garke, wata manhaja ta riga ta buɗe shi. A cikin kwamfuta guda, masu rubuta kanel suna toshe wannan kafa da makullai, da gumin goshi. Amma makullin wannan kwamfutar ba ya ɗaure wata da ke amfani da uwar garken. Kwamfuta ta biyu ba ta san ta farko na riƙe da komai ba, saboda haka gogewarta ta gaskiya ce. Mai binciken da lissafinsa ya kwana yana gudana zai wayi gari da saƙon kuskure na ESTALE, aikin ya tsaya, bayanan sun tafi. Ai an koya masa haƙuri kyauta, ya kamata ya yi godiya.

Ga kuma riƙon amana. Ka nemi goge folda, a ce maka ba ta zama fanko ba, kai kuma ba ka ga komai ba, domin sunan da ya fara da ɗigo ɓoye yake. Ka gano shi ka ce a cire, Linux ya ce ana aiki da shi. In kwamfutar da ta sauya sunan ta mutu kafin manhajar ta rufe fayil ɗin, shi ke nan ya zama maraya, yana cin wuri babu mai nemansa. Solaris, wani nau'in Unix, har ɗan aike aka naɗa mata, mai zagayawa mako-mako yana kwashe duk .nfs da ya haura kwana 7.

A shekarar 2010 ƙa'idar NFS 4.1 ta buɗe hanyar da uwar garke za ta adana fayil ɗin da aka goge har a rufe shi. Amma gwani ba ya sauka da wuri: shekaru bayan haka masu kula da na'urori suna ta farautar .nfs a cikin foldodin jama'a, suna lalube da manhajar lsof su gano manhajar da ke riƙe da shi.