Bayani a Kan Ƙarar da Ke Fitowa Daga Ƙarƙashin Mota, da Abin da Ya Sami Wani Alhaji na Poumpoumré

Garwa, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, gari ne da ke zaune a gaɓar kogin Binuwai, kuma babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ce ta ratsa shi, wadda ta biyo ta Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, ta zarce Marwa har Kuseri. Sai dai arzikin yankin ba a bakin kwalta yake zaune ba, domin audugar da kamfanin SODECOTON ke saye, da masara, da gyaɗa, da shanu, duk suna can cikin ƙauyukan da ba a isa gare su sai ta hanyoyin burji masu gargada, waɗanda rafukan da Fulani ke kira mayo suke yankawa, su bushe ƙaƙas da rani, su tumbatsa da damina. Wannan ne ya sa mota mai ja da ƙafa huɗu, musamman Land Cruiser da Hilux na kamfanin Toyota, ta zama abin da kowane ɗan kasuwa ke buri, ko da kuwa ta iso hannunsa ne bayan ta gama ƙuruciyarta a hannun waɗansu.

Duk mai irin wannan mota, idan ta kwana biyu, sai ya wayi gari ta fara wata magana daga ƙarƙashi a duk lokacin da ya canja giya, kuma ba a fahimtar maganar sai an san yadda ƙarfin inji yake isa ga taya. Inji yana miƙa juyinsa ga kuloci, wato faifan da ke haɗa shi da akwatin giya, ya kuma raba su idan direba ya taka. Akwatin giya ya miƙa wa wani ƙaramin akwati da ke bayansa, wanda ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Daga nan sai doguwar sandar ƙarfe da ke juyawa a ƙarƙashin mota, wadda makanikan Najeriya ke kira furofela, na Garwa kuma suke ce mata kardan, ta kai shi ga aksil, inda waɗansu haƙoran ƙarfe suke karkata shi zuwa tayoyi. An bar wa kowace mahaɗa ɗan sarari domin mai ya shiga, kuma tsakanin haƙoran aksil sararin bai kai rubu'in milimita ba idan suna da lafiya. Da zarar ƙarfe ya ci, sararin ya yi faɗi, sai ya zamana duk sakin kuloci wani ƙarfe yana ɗan yin tafiyar banza kafin ya daki ɗan'uwansa, kuma wannan dukan shi ne "gwaf" ɗin da ake ji a ƙarƙashin kujera. Wannan ƙara daban take da gurzar da ake ji idan zobban tagulla da ke daidaita gudun haƙora a cikin akwatin giya sun cinye, daban kuma take da "ƙyas-ƙyas" na lokacin shan kwana, wanda yawanci yake fitowa daga mahaɗar tayar gaba.

Mafi yawan laifin gwaf yana wuyan wani ƙaramin ƙarfe mai hannuwa huɗu da ke kowane bakin kardan, wanda ake kira kurwaziyo, kowane hannu yana juyawa cikin ƙoƙo mai cike da siraran boris kamar allurai, kuma shi ne yake barin sandar ta ci gaba da juyi alhali aksil yana hawa yana sauka. Abincinsa giris ne, an ma yi masa ɗan baki na musamman da ake ɗura masa, amma ruwan mayo yana wanke giris ɗin, jar ƙura kuma ta maye gurbinsa ta niƙe alluran. Gano ciwonsa ba ya bukatar komai face a sa wa tayoyi waigi, a cire giya, mutum ya kwanta a ƙasa ya murɗa sandar da hannu ya ji ko tana wasa, ya duba ko jan garin tsatsa ya fito a bakin ƙoƙon. Matsalar wannan bincike guda ɗaya ce, wato yana bukatar kwanciya a ƙasa, kuma babbar riga ba ta yarda da haka ba.

Wani Alhaji mai fataucin hatsi a unguwar Poumpoumré, wanda za a sakaya sunansa saboda yana da surukai masu karatu, shi ne misali mafi cika a wannan babi. Da farar Land Cruiser ɗinsa ta soma gwaf, sai ya yi mata maganin da ya fi kowane araha, wato ya ƙara muryar rediyo, magani ne kuwa da ke aiki a kan kunnen direba kaɗai, bai taɓa isa ga ƙarfe ba. Da gwaf ya rinjayi rediyo sai aka nufi gareji, inda ra'ayin masana ya rabu gida uku. Makanike na farko ya saurara daga inda yake zaune a inuwa, ya ce kuloci ne, aka sauke akwatin giya aka sa sabon kuloci, ƙara tana nan. Na biyu ya soma da tsine wa aikin na farko, kamar yadda al'adar sana'ar ta tanada, sannan ya canja man akwatin giya da wani mai kauri, ƙara ta yi shiru daga bakin gareji har zuwa kwanar farko. Na uku ya ɗora laifi a kan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya, bai kuma sauya fatawarsa ba ko da aka tuna masa cewa motar gas take sha. Majalisar ƙofar gida kuwa ta yi ijma'i a kan cewa bakin mutane ne, tunda ƙarar ta soma ne a makon da Alhaji ya yi wa motar sabon fenti.

A garejin makanike na biyu akwai wani yaro mai koyon aiki da ya shiga ƙarƙashin motar domin ɗauko noti da ya faɗi, ya fito ya ce, "Baba Alhaji, ai kurwaziyon baya ne ya mutu, yana wasa a hannu." Maigidansa ya daka masa tsawa, Alhaji kuma ya tuna masa cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Babu wanda ya lura cewa yaron ba rimi ya hau ba, ƙarƙashin mota ya kwanta, wurin da babu babba ko ɗaya da ya leƙa.

Ana cikin haka ɗaurin aure ya taso a Tcholliré, hedkwatar sashen Mayo-Rey, kuma Alhaji ya ɗauki nauyin kai dattawan gidan surukansa, tare da huhun goro, da buhun shinkafa, da rago guda, aka kuma aro yaron garejin ba don iliminsa ba sai don ya riƙe ragon. Tun daga ƙofar gida wani ɗan ƙanwar Alhaji ya ba da shawarar a sa ƙafa huɗu domin motar ta ji ƙarfi saboda nauyi, aka murɗa makullan tayoyin gaba, aka ja ƙaramin hannun giyar da ke haɗa gaba da baya. A nan akwai bayani. Irin wannan mota ba ta da abin da ke barin gaba da baya su saɓa gudu idan an haɗa su, alhali a kowace kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya, kuma a kan yashi ko laka tayoyi suna ɗan zamewa su sauke bambancin, amma kwalta ba ta barin zamewa, don haka sai murɗin ya taru a cikin sanduna da mahaɗai. Da haka aka haye gadar Binuwai, aka wuce Ngong, gwaf ya koma garam, baffan amarya, ɗaya daga cikin dattawan, yana tambaya daga baya, "Alhaji, lafiya kuwa motar nan?" shi kuma yana amsawa, "Lafiya lau, Baffa, haka muryarta take idan ta ji daɗin hanya."

An bar kwalta a mararrabar Guidjiba aka hau burji, kuma ba a yi nisa ba, a kan hawan wani mayo, Alhaji ya dawo giya ta biyu ya saki kuloci da ƙarfi, kurwaziyo ya watse. Bakin kardan ya kuɓuce ya shiga dukan cikin motar kamar mata uku suna lugude a turmi ɗaya, dattawa suka ɗauki salati, rago ya tsinke ya haye kan huhun goro, shi kuwa Alhaji, bisa sabo, hannunsa ya kai kan rediyo kafin ƙafarsa ta kai kan birki. An yi sa'a mahaɗar baya ce ta karye kuma ana tafiya a hankali, domin idan ta bakin gaban sandar ce ta saki ana gudu, sandar kan cake ƙasa ta ɗaga gindin mota.

Yaron ya miƙa wa baffan amarya igiyar rago, ya shiga ƙarƙashi, ya kwance notocin da suka riƙe sandar ya zaro ta gaba ɗaya, sannan ya ce a tashi inji, tunda ɗaya sandar, wadda ke kai ƙarfi ga aksil na gaba, tana nan kuma ƙafa huɗu a haɗe take, tayoyin gaba za su ja motar su kaɗai muddin aka bi a sannu. Ba a sami wurin ajiye kardan ba sai a kan cinyoyin dattawa, saboda haka suka shiga Tcholliré da jar ƙura har gira, riƙe da sandar ƙarfe mai baƙin maiƙo a kan shaddodinsu, bayan an shafa Fatiha an watse, har an soma kwashe tabarmi.

Da aka dawo Garwa an sayi sabon kurwaziyo a kan kuɗin da bai kai abin da aka kashe wa kuloci ba ko kusa, aka ɗura giris, gwaf ya ɗauke. Wani ɗan ƙyas-ƙyas da ya rage kuma, da yaron ya bi sawunsa, sai ya tarar sifanar makanike na farko ce aka manta a kan farantin ƙarfen da ke kare cikin mota daga duwatsu, kuma da labari ya kai masa sai ya aiko a mayar masa da kayansa, ya ce ya daɗe yana zargin yaransa da sata. Mai karatu da hanya ta bi da shi Poumpoumré, idan ya ga farar Land Cruiser da rediyonta a kashe, yana iya yi wa mai ita sallama ya tambaye shi farashin masara, amma kada ya tambaye shi yadda aka yi biki a Tcholliré.