Zuwa ga Taubashina, Sarkin Gangara

Taubashi,

Yaya ƙafar Inna? Ita kuma tsohuwar rokar nan taka, har yanzu sai an tura take tashi?

Ranar Asabar na ga abin da ya sa na ce lallai sai na rubuto maka. Wani abokin aikina ya kai ni ƙauyen Springwell, kusa da Gateshead a arewa maso gabashin Ingila, inda ake adana tsohon layin dogo na Bowes. An buɗe shi a 1826, kuma George Stephenson ne ya tsara sashensa na farko, don kai kwal daga ma'adinai zuwa Jarrow a bakin kogin Tyne. Sai 1974 aka daina jigilar. Abin mamakin, a wuraren hawa ba kan jirgi ke jan taragu ba, igiyar ƙarfe ce, kamar dai ana jan guga daga rijiya.

A zamanin jigilar, a wata gangarar ma ko inji babu. Taragun da ke cike da kwal in sun gangaro, nauyinsu ne ke hauro da waɗanda aka sauke wa kaya, mai birki kuma yana can sama yana lallashin babbar tayar da igiyar ta zagaye. A tudun Blackham's Hill kuwa akwai ɗakin inji, da injin lantarki da aka kafa a 1950 yana naɗe igiyar. A lokacin, taragu shida-shida ake ja. Mai injin ba ya ganin ƙarshen layi, don haka da ƙararrawa ake yi masa magana, bai kuwa isa ya motsa komai ba sai ta kaɗa.

To, ga inda na tuna da kai. Na tambayi wani dattijo cikin masu aikin sa-kai, hannunsa duk giris yana shafa wa 'yan tayoyin da igiya ke bi a tsakiyar layi, na ce in igiyar ta tsinke fa? Ya ja ni ya nuna mini wata 'yar mararraba da aka yi da gangan. Tarago in ya ƙwace, nan zai kauce ya kife gefe, ba zai kai ga mutanen da ke ƙasa ba. Wallahi abin ya shige ni. Tun igiya na da lafiyarta suka yi wa ranar tsinkewarta tanadi.

Kai kuwa duk birkinka yaron mota ne da dutse a hannu, yana bin taya a guje a hawan Kwanar Maciji! Na gaya wa dattijon, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a gaishe da yaron.

Na turo kuɗi ta hannun Yaya. Na birki ne, ka ji? Ba na fenti ba, ba na sabon ham mai kukan jaki ba. In an gyara, ka ɗauko hoto ka turo mini. Zancen kuɗin shara kuma yana nan, sai na zo.

Ka gaida Inna da amarya.

Naka,
Ubangidanka na Ingila